Yadda Ake Kai Yara da Matasa Kallon Kayan Fasaha a Gidan Tarihi

Karon farko da na ɗebi yara zuwa gidan tarihi, su tara ne: nawa uku, na yayata huɗu, sai biyu na maƙwabta. Cikin minti ashirin muka ratsa ɗakunan duka muka fito. A hanyar gida na tambaye su abin da suka gani, sai ƙaramar cikinsu ta ce, "Kawu, ni mai ƙanƙarar bakin ƙofa na gani." Maganar ta tsaya mini a rai, don gaskiya ta faɗa. Na wuce da su ta gaban abubuwa masu yawa, amma ban bar su sun tsaya gaban ko ɗaya ba. Tun daga nan na sake salo, kuma na sha kai yara da matasa, na gida da na makaranta. Duk abin da zan faɗa a nan ya ginu ne a kan abu guda: ka rage yawan abin da za a kalla, ka tsawaita tsayuwa a gabansa.

Kayan da za ka tanada

Farar takarda, kowane yaro kamar uku, da fensir, da ɗan kwali mai kauri da zai ɗora takardar a kai. Fensir na ce, ba biro ba. Tawada in ta taɓa bango ko tufar da aka ajiye ba ta fita, kuma ma'aikata sun fi sakin jiki da yaron da ke riƙe da fensir. In babu farar takarda, ciro tsakiyar tsohon littafin makaranta. Kwalin taliya in aka yanka shi gida huɗu ya ishi yara huɗu.

Sai ruwan sha da abin taɓawa, irin su dabino ko gyaɗa ko ƙuliƙuli, a jaka ɗaya da babba zai riƙe. Kuɗin shiga kuma ka riƙe su a hannu, da canji, kada ka dogara da tura kuɗi ta waya, don sabis yakan ɗauke a daidai lokacin da yara goma suke tsaye a rana. Rubuta lambar wayarka a ƙananan takardu, ka sa wa duk ɗan ƙasa da shekara 8 a aljihu. Mai jariri ta zo da zanin goyo, domin tsofaffin gine-ginen ƙasa suna da dokin ƙofa da matsattsun hanyoyi, keken jarirai wahala kawai zai zama. Ka kuma nemi takardar naira 20, ko tsohuwa ce. Za ka ga amfaninta a gaba.

Abin da ya fi duka waɗannan shi ne babba na biyu. Lissafina, duk yara biyar a sami babba ɗaya. In ba ka samu ba, rage yaran, ka kai sauran wani mako.

1. Zaɓi wurin, ka fara zuwa kai kaɗai

A Kano, wurin da na fi zuwa shi ne Gidan Makama, dab da fadar Sarki. Ginin ƙasa ne na ƙarni na 15, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa yana Makama, kafin ya hau sarautar Kano a 1463. Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, kayan yaƙi, kayan hawa, kayan kiɗa, hotunan zamanin zuwan Turawa a 1903, da ɗakin amarya irin na da. Wanda ke kusa da Jos yana da gidan tarihin da aka buɗe a 1952, inda ake ganin kawunan yumɓu na al'ummar Nok ta zamanin da, da zaure guda na tukwane, ga kuma filin da aka kwaikwayi manyan gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Kaduna ma tana da nata. A Yamai akwai gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, kuma yara ba sa mantawa da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da ke can, ko busasshiyar bishiyar nan ta hamadar Tenere da mota ta buge a 1973. Mai son zanen zamani na fenti da sassaƙa ya nufi sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, musamman lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe suke baje aikinsu.

Ko wanne ka zaɓa, je ka kai kaɗai tukuna. Tambayi ranakun buɗewa da lokaci, kuɗin babba da na yaro, ko akwai rangwame ga 'yan makaranta, ko ana barin ɗaukar hoto, da inda bandaki yake. In ayari ne na makaranta, tambayi ko sai an kawo takarda. Sannan ka zagaya a natse, ka zaɓi abubuwa biyar da suka tsayar da kai, ka rubuta su. Su ne tafiyarka. In wurin ya yi maka nisa, to a ranar ka bar yaran da ɗaya babban a inuwa, ka shiga minti goma ka yi wannan zaɓin.

2. Tsayar da rana

Safiya ta fi, daga buɗewa zuwa kafin azahar, cikin yara ɗauke da kalaci. Kauce wa Juma'a in Gidan Makama za ka, saboda cunkoson masu zuwa babban masallaci, haka ma kwanakin hawan Sallah da ake toshe hanyoyin fada. 'Ya'yan wasu kuwa, kada ka ɗauki ko ɗaya sai ka gaya wa iyayensa da bakinka inda za ku da lokacin dawowa.

3. Shirya su tun a gida

Daren da za a wayi gari a tafi, tara su ka ba su labari ɗaya gajere game da wurin. Ɗaya kawai. In Jos za mu, nakan ba su labarin kan yumɓun da aka tono a wajen haƙar kuza a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kai gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye, har labarinsa ya kai kunnen Bernard Fagg, Baturen da daga baya ya kafa gidan tarihin. Abin da ya haura shekara 2000 a duniya yana gadin doya! Da safe su da kansu za su riƙa tambaya, "Yaushe za mu ga kan?"

Daga nan sai dokoki, kuma kada su wuce uku: ba taɓawa, ba gudu, ba ci ko sha a ciki. Kuskuren da manya suke yi shi ne kafa doka ba dalili. Ni nakan kawo madubi ko gilashin waya, in sa kowa ya danna yatsa ya ɗaga. Sai su ga shatin maiƙo. In ce musu, "Wannan yatsa ɗaya ke nan. To ku ƙiyasta mutum ɗari kullum, shekara da shekaru, a kan rigar da ta girmi kakanku." Yaron da ya ga shatin yatsansa ba ya bukatar tsawa. Ƙanana kuma ina koya musu haɗa hannu a baya in sun matsa kusa da abu, kamar yadda dattijo yake yi in yana duba gona. Suna son kwaikwayon wannan.

4. A bakin ƙofa

Kowa ya shiga bandaki, kowa ya sha ruwa, sannan a ƙirga kai. Nuna musu wuri ɗaya, kamar teburin masu karɓar kuɗi, ka ce duk wanda ya rasa mu nan zai zo ya tsaya, ba waje zai fita nema ba. Sa su gaida ma'aikata yadda ake gaida manya. In akwai mai zagayawa da baƙi, karɓe shi hannu biyu, da ɗan gari akan ci gari. Amma ka ja shi gefe cikin ladabi ka ce, "Malam, yaran ƙanana ne, ga abubuwa biyar da muke so mu daɗe a kansu." Galibi sun saba da ayarin manya, in ba ka faɗa ba zai bi da ku ɗaki ɗaki da dogon bayani, yaran su tsinke tun a ɗaki na uku.

Kafin a kalli komai a cikin gilashi, ce su ɗaga kai. A Gidan Makama ginin kansa shi ne abin kallo na farko. Su dubi bakan gizon da ya tallafe rufin, su ƙirga inda bakunan suka haɗu, su ga yadda aka jera azara. Tambaye su me ya sa ciki ya fi waje sanyi alhali ba fanka. Bar su su yi ta hasashe kafin ka nuna musu kaurin bangon a bakin ƙofa. Yawancin yaran birni ba su taɓa tunanin cewa magini ma mai fasaha ne ba, sai ranar.

5. Yadda ake tsayawa gaban abu

Nan ne aikin yake. In kun isa gaban abu na farko cikin biyar ɗinka, kada ka karanta musu rubutun da ke jikinsa, kada ka yi bayani. Ce kowa ya yi shiru ya kalla har ka ƙirga talatin a zuci. Shirun zai yi musu tsawo da farko, za a yi 'yan dariya, ka daure. Sannan ka tambaya, "Me kuka gani?" Ka lura, ban ce "Mene ne wannan?" ba. Tambaya ta biyu amsarta ɗaya ce, mai wayon cikinsu zai faɗa, sauran su yi shiru. Ta farko kuwa kowa yana da abin cewa, har ɗan shekara 4.

Bari in ba da misali da babbar riga mai aska takwas. Wata yarinya 'yar shekara 7 ta ce ta ga wuƙaƙe. Na ce, "Me ya sa kika ce wuƙaƙe?" Ta nuna tsinin da suka zubo daga wuya da aljihu. Na ce a ƙirga su. Aka ƙirga, aka yi gardama, aka sake ƙirgawa. Wani ya hango da'irar da ke gefen ƙirji ya ce kamar dodon koɗi. Wani ya matsa, hannu a baya, ya ce, "Kawu, ashe ƙananan ramuka ne, kowanne an zagaye shi da zare!" Sai a lokacin na gaya musu cewa da allura aka yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma irin wannan aiki yakan ci watanni. Da na fara da wannan bayanin, da ya shiga ta kunne ɗaya ya fita ta ɗaya. Da yake su suka gano ramukan, sai aka yi tsit. Mun yi fiye da minti goma a gaban riga ɗaya, ba wanda ya ce a tafi.

Tambayoyin da nake juyawa ba su da yawa. Me ya sa ka ce haka? Me kuma aka gani wanda ba a faɗa ba? Da me aka yi shi? Wane sashe ne ya fi ba mai yin sa wuya? Da a gidanku yake, ina za ku ajiye shi? In yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, kada ka gwale shi. Ce masa ya nuna maka inda ya ga hakan, sau da yawa shi zai gyara da kansa, wani lokaci kuma sai ka tarar ya hango abin da kai ba ka lura ba. In suka yi tambayar da ta fi ƙarfinka, a tafi tare a tambayi ma'aikaci, kuma yaron da ya yi tambayar shi zai maimaita ta da bakinsa.

Ka riƙa durƙusawa daidai tsayin ƙaramin cikinsu. Akwatunan gilashi an yi su ne daidai idon babba, kuma daga ƙasa wani lokaci ba abin da yaro yake gani sai ƙyallin fitila. Sau da yawa wanda ake cewa ba ya mai da hankali, ba ya hangowa ne. Ɗaga shi.

A gaban tukwane kuma sai ka fito da naira 20 ɗin nan. Juya bayanta, su ga mace zaune tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, wadda ta koyi ginin tukwane a hannun danginta tun tana yarinya, ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, aikinta ya zagaya har Turai da Amurka, ta rasu a 1984. Takan zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin tukwanenta. Sai ka ce su nemo tukunyar da aka yi wa zane mafi kyau a ɗakin. 'Yanmata musamman sukan riƙe takardar su daɗe suna dubawa.

6. A zauna a yi zane

Bayan abu na uku ƙafafu sun fara gajiya. Nemi izini, ka zaunar da su inda ba za su tare hanya ba, a raba takarda. Kowa ya zaɓi abu ɗaya ya zana cikin minti goma. Ba gasa ba ce, kada ka ce na wane ya fi kyau. Wanda ya ce bai iya ba, ce ya zana ɓangare kaɗan: idon kan Nok mai kusurwa uku da hudar tsakiyarsa, ko bakin kakaki, ko ƙusoshin jikin ƙyaure. Hannu yana tilasta wa ido ya koma ya sake dubawa, shi ne amfanin abin. Gargaɗi ɗaya: kada a jingina takarda da bango ko gilashi. Don haka aka zo da kwali.

7. Matasa daban suke

Ɗan shekara 15 da aka haɗa da ƙannensa aka ce ya ƙirga aska, zai koma bayan layi ya zaro waya. Kada ka yi faɗa da wayar, ba ta aiki. In an yarda da ɗaukar hoto, ce kowannensu ya ɗauko hotuna uku na kusa sosai, ɓangaren abu kawai, ba tare da kunna hasken kyamara ba, don haske mai ƙarfi yana kashe launin tufa da takarda. In an fito sai sauran su canki abin da aka ɗauka. Ba su minti ashirin su zagaya bibbiyu ba tare da kai ba, da sharaɗin kowa ya dawo da abu ɗaya da ya burge shi da ɗaya da bai ga dalilin ajiye shi ba. Na biyun ya fi jawo magana. Matashi yana son a nemi ra'ayinsa da gaske, kuma yana da damar cewa abu bai yi masa ba, muddin zai kawo hujja.

Su ne kuma za ka iya yi wa tambayoyi masu nauyi. A gaban hotunan zamanin Turawa: wa ya ɗauki hoton, wa aka sa a tsakiya, wa aka bari a tsugune a gefe? Me ya sa ba a rubuta sunan wanda ya ɗinka rigar ba, sai na wanda ya sa ta? In a Samaru kuke, gaya musu cewa a 1958 wasu ɗalibai matasa a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don su daina kwaikwayon zanen Turawa zalla, su riƙa ɗebo salo daga al'adun gida. Shekarun waɗannan ɗalibai ashirin da 'yan kai ne a lokacin.

Wanda ka ga ya fi kowa ɗaure fuska, damƙa masa ƙaramin yaro ka ce, "Yayansu, kai za ka nuna masa ɗakin kayan kiɗa." Na gwada wannan sau da dama, da wuya ya ƙi ci.

8. In aka zo kan mutum-mutumi

Za a zo, kuma wani yaro zai ce, "Malam, wannan ba gunki ba ne?" Kada ka basar. Ni abin da nake cewa shi ne, mutanen da suka rayu a ƙasar nan tun da daɗewa ne suka yi shi, an ajiye shi ne don mu san yadda suka rayu da irin gwanintar hannunsu, mu kallo da koyo muka zo yi. In ka san akwai iyayen da ba za su so ba, gaya musu tun a gida abin da ke wurin, su zaɓa. Yaron da ya ƙi shiga ɗakin, ko don tsoro ko don abin da aka koya masa, kada a tilasta shi, kada a yi masa dariya. Ya tsaya da ɗaya babban a wajen saƙa ko rubutun zayyana, abin kallo ba ya ƙarewa.

9. In abu ya ɓaci

Yaro ya taɓa abu: janye hannunsa a hankali, ka tuna masa madubin jiya, ka ba ma'aikaci haƙuri. Tsawa a cikin ɗaki mai amsa kuwwa tana firgita kowa. Ƙarami ya fara kuka: babba ɗaya ya fita da shi inuwa, yawanci yunwa ce ko ƙishirwa. Ƙirga kai duk lokacin da za a bar ɗaki. Na taɓa ƙirgawa a wani gidan tarihi na ga babu ɗaya, gabana ya faɗi ƙwarai, ashe yana ɗakin baya a tsugune yana ƙarasa zanen sirdi. Tun ranar nake sa babba ɗaya a gaba, ɗaya a ƙarshen layi.

10. Fita tun ana marmari

Ga 'yan ƙasa da shekara 7, minti arba'in ya isa. Manyansu awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ka ga an fara jingina da juna ana hamma, ko da abu uku kawai kuka gani cikin biyar, a fita. Kuɗin shiga da ka biya ba su ne za su sa ka ja su duk ɗakuna ba. A nemi inuwa a buɗe jakar dabino, kowa ya ɗaga zanensa ya faɗi abin da ya zana. In da sauran ƙarfi kuma a Kano kuke, ku biya ta marinar Ƙofar Mata su ga baba a cikin rami da hannuwan masu rini, ko Kasuwar Kurmi wajen dukawa, don su san masu irin wannan aiki suna nan da ransu.

In garinku babu gidan tarihi

Matakan nan ba sa bukatar akwatin gilashi. Ƙofar gidan sarki ko hakimi mai zanen dagi, tsohon masallaci mai ginshiƙan ƙasa, rumfar mai ɗinkin hula, allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani, ƙwaryar da aka yi wa zane da wuta, har bayan babbar motar katako da aka yi wa fenti a tasha, duk sun isa. Je ka tun ana gobe ka gaida mai wurin, ka nemi izini, ka tambaye shi lokacin da ba zai takura ba. Ka zo da yara kaɗan, da fensir da kwali, a yi shirun nan na ƙirga talatin. A nan ma akwai ribar da gidan tarihi ba ya bayarwa: mai aikin yana zaune a gabansu, suna iya tambayarsa wa ya koya masa, kuma in an ci sa'a ya miƙa wa ɗaya daga cikinsu allurar ya ce, "Zo ka soka nan."